Farin Kati a Kanta ta Tara

Ranar Litinin da hantsi aka gane fayil ɗaya ya ɓata a ɗakin ajiya na ofishin yaƙi da ƙwaya. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba, kwaɗon ma yana nan lafiya lau. Abin da aka samu kawai shi ne farin kati a tsaye tsakanin fayil biyu a kanta ta tara, babu ko ɗigon tawada a jikinsa.

Sufeton 'yan sandan da aka turo ya haura hamsin, kuma ya gaji da duniya irin gajiyar da ba ta hana mutum aiki. Abokan aikinsa suna kiransa Ƙaya, don idan ya shiga magana sai an sha wuya yake fita. Yana nuna kamar sunan bai dame shi ba, amma a ransa yana jin daɗinsa.

"Fayil ɗaya ne kacal, ranka ya daɗe?" ya tambayi Shugaban ofishin. "Yadda aka kira ni na ɗauka ɗakin aka kwashe."

"Bara da ɗari sun ɓata ko kofin shayina ba zan ajiye ba," in ji Shugaba. "Bana guda ɗaya zai iya cin kujerata."

Ba ƙarya ya yi ba. Tun da can doka ta ce wanda aka taɓa kamawa da ƙwaya ta rukuni na ɗaya ba shi da fasfo sai bayan shekara goma. Rukuni na ɗaya kuwa na manyan kaya ne, irin su hodar iblis. Sai a farkon shekarar nan gwamnati ta ɗauko wani maganin kashe zafin ciwo, 'yar farar ƙwaya da a da ake samu a kemis, ta ɗaga shi daga rukuni na uku zuwa na ɗaya. A ƙasan takardar umarnin aka ƙara layi guda: har da waɗanda aka yanke wa hukunci a baya. Da wannan layin mutanen da suka biya tara suka manta tuni suka wayi gari sahu ɗaya da manyan dillalai. Aka kuma ce a ɗauki hoton duk tsofaffin fayil a zuba a kwamfuta, don ofishin fasfo ya riƙa gani daga can.

"Ka ga kuwa," in ji Shugaba, "duk wanda sunansa ke cikin ɗakin nan yana fatan ɗakin ya kama wuta. Ina son sunan mai fayil ɗin kafin a tashi yau."

Ɗakin dogo ne, kantocin ƙarfe goma sha biyu a jere, fanka ɗaya tana juyawa kamar roƙonta ake yi. Akwai warin tsohuwar takarda da na maganin kyankyaso. A kusurwa bokiti yana zaune ƙarƙashin inda rufi ke yoyo. Mai kula da ɗakin shi ne Baba Akawu, siririn dattijo mai farar riga a goge da biro uku a aljihu. Shekara talatin da uku yana wannan aiki, saura mako bakwai ya yi ritaya.

"Baba, mene ne amfanin katin nan?" Sufeto ya tambaya.

"Shi ke riƙe wa fayil wurinsa, yallaɓai. Idan za ka cire fayil sai ka sa kati a gurbinsa, ka rubuta lamba, da sunan wanda ya ɗauka, da kwanan wata. Idan ya dawo ka zare katin."

"Ina ake ajiye katunan?"

Dattijon ya nuna wani kwali a kan teburinsa, a buɗe, kowa zai iya miƙa hannu ya ɗauka.

"Wane fayil ne ya ɓata?"

"Ban sani ba. Ai ba a rubuta ba."

"Babu littafin da ke da jerin su?"

"Akwai. Ruwan rufin can ya cinye shi shekara biyu da suka wuce. Na rubuta takarda sau huɗu a gyara rufin."

Sufeto ya hau tsani ya duba. Fayil na hagun katin lamba ɗari huɗu da goma sha ɗaya, na dama ɗari huɗu da goma sha tara. Ya duba sauran kantar, ya ga duk haka lambobin suke, suna tsallake-tsallake, don lambar shari'a ta kotu ake bi, kuma ba kowace shari'a ce ake turo wa ofishin nan ba. Ya duba katin da kyau kafin ya taɓa shi. Yana tsaye cak, kansa ya leƙo waje da faɗin yatsa ɗaya. Akwai wasu katuna shida a kantoci daban, masu rubutu. Ya auna su da yatsansa, duk haka suka leƙo. Fayil ɗin da ke gefe da gefe kuma an daidaita bakinsu sumul.

Mutum uku ne ke shiga ɗakin: Baba Akawu, Mai Na'ura da mai shara. Ya fara da Mai Na'ura, jami'ar da aka turo daga babban ofishi don ɗaukar hoton fayil. Ita ta gano katin, ita ta kai rahoto. Mace ce mai saurin magana, tana amsawa tana duba agogo.

"Kina da makulli?"

"Ina da shi. Ni da Baba."

"Yaushe kika iso kanta ta tara?"

"Yau da safe. Na gama ta takwas ranar Juma'a. Na ga kati, na tambayi Baba wa ya ɗauki fayil, ya tsaya yana kallon katin kamar ya ga maciji. Ni kuma ba zan ɗauki laifin wani ba, sai na hau sama na faɗa."

"Ke kina sa kati idan kin cire fayil?"

Ta yi 'yar dariya. "Tambayi Baba. Kullum faɗanmu ke nan. Ni kwasa nake yi goma-goma, in ɗauki hoto in mayar. Yaushe zan tsaya rubutun kati? Ya ce ni da gara duk ɗaya ne a wurinsa."

"An taɓa yi miki tayin wani abu don ki ɓatar da suna?"

"Sau uku. Amma yallaɓai, duba mana. Idan ina son ɓoye mutum, me zai kai ni sata? Sai in tsallake fayil ɗinsa kawai in wuce na gaba. Wa zai bi bayana ya ƙirga?"

Ya rubuta wannan a littafinsa, don magana ce mai ma'ana.

Mai shara tsohuwa ce gajera, gwiwarta ɗaya a naɗe da bandeji. Tun kafin ya buɗe baki ta fara rantsuwa.

"Kwantar da hankalinki, Iya. Kina hawa tsanin nan?"

"Da wace ƙafar, ɗana? Mota ma sai an kama ni nake shiga."

Ya miƙa mata fayil guda a juye, ya ce ta karanto masa lambar. Ta karɓa ta riƙe shi a juyen, ta zuba masa ido cikin ladabi, sannan ta mayar masa. Ya sallame ta.

Daga nan ya wuce kotu. Magatakardan kotun ya so ya ce a dawo gobe, amma bai san da wa yake ba. Sufeto ya ja kujera ya zauna a gabansa har aka ɗauko littafin shekara shida da suka wuce, shekarar da ke jikin fayil na gefe da gefe. Tsakanin lambobin nan biyu akwai shari'a bakwai. Shida na faɗa ne da sata da makamantansu. Guda ɗaya ce ta ƙwaya: wata mata mai ɗinki, an kama ta a bakin kemis da kati biyu na farar ƙwayar nan ba tare da takardar likita ba. Ta amsa laifi, ta biya tara, ta tafi. Ya kwafi sunan da adireshin.

Ƙarfe uku da rabi ya ajiye sunan a teburin Shugaba. Shugaba ya yaba masa, ya sa hannu, ya ce ƙa'ida ce a aika kwafi ofishin fasfo nan take. Sufeto ya fito yana jin kansa. Aikin da wani zai yi mako yana lalube, shi ya gama cikin rabin yini, kuma ko kaɗan bai tsaya ya tambayi kansa wace ce matar ba.

Washegari ya nemi ɗan kamashon da ke zama ƙarƙashin bishiya a gaban ofishin fasfo, wanda ake kira Gajeriyar Hanya. Duk wata harka ta bayan fage a layin nan sai ta bi ta hannunsa, ko ta wuce ta gaban idonsa.

"Yallaɓai Ƙaya da kansa. Me na yi kuma?"

"An sace fayil a ofishin ƙwaya."

"Guda nawa?"

"Ɗaya."

"To ba ni ba ne, kuma ba ɗan sana'a ba ne. Wa zai shiga rumbu ya fito da ƙwayar hatsi ɗaya? Kuma na ji an ce har alama aka bari. Haba yallaɓai, wannan ai cin mutuncin ɓarayi ne."

Sufeto ya faɗa masa sunan matar. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Na san ta. Ta zo nan mako uku da suka wuce. Ba ta nemi hanyar baya ba, layi ta bi kamar kowa. Ɗanta ne yake kwance a wata ƙasa, ya je karatu ƙodarsa ta lalace, duka biyun. Ita za ta ba shi ɗaya. Alhamis ɗin nan aka ce ta zo ta karɓi fasfo."

"Ita kaɗai ta zo?"

"Da wani dattijo. Shi ya cike mata fom. Bai shiga ba, a nan ya tsaya yana jera mata takardu, wannan a sama, wannan a ƙasa, kamar za a yi musu jarrabawa."

Sufeto ya rufe littafinsa. Ya yi godiya a taƙaice ya tafi.

Shagon Mai Ɗinki ɗaki ne ɗaya a bakin titi, keke biyu, ɗaya an lulluɓe shi da zane. Yadi a rataye, guntayen ƙyalle a ƙasa. A bayan ƙofa akwai akwatin tafiya sabo, ko ledarsa ba a gama cirewa ba. Matar ta kusa shekara hamsin, mai jiki, mai nutsuwa, tef ɗin awo a wuyanta. Ta share masa kujera da gefen gyalenta.

"Kin san fayil ɗinki ya ɓata a ofishin ƙwaya?"

"Wane fayil? Ai wannan magana ta wuce tun tuni. Na biya abin da aka ce in biya."

Ya dube ta sosai. Ya yi shekaru yana kallon fuskokin maƙaryata, wannan ba irinsu ba ce. Ba ta ma san an canza dokar ba.

"A ina kike ranar Juma'a da yamma?"

"A asibiti, ana ɗibar jinina na ƙarshe. Ga takardar." Ta ciro ta daga wata jaka da aka jera komai a tsare. "Sun ce ƙodata kamar ta 'yar shekara talatin. Na ce musu ai ba ta taɓa ganin komai ba sai ruwa da wahala."

"To ƙwayar da aka kama ki da ita, ke kike sha?"

Ta shiga naɗe tef ɗin a yatsanta.

"A kotu na ce tawa ce."

"Na karanta abin da kika ce a kotu. Yanzu ni nake tambaya."

"Wadda aka saya wa ta riga mu gidan gaskiya, yallaɓai. A bar ta ta huta."

"'Yar'uwarki ce?"

"Maƙwabciya. Bango ɗaya ya raba mu. Ciwon daji ne a ƙashi. Ba ka taɓa jin kukan mai wannan ciwon ba, ko? Asibiti suka ce maganin ya ƙare, a jira mako biyu. Ita kuma ko awa biyu ba ta iya jira."

"Mijinta fa? Me ya sa bai je da kansa ba?"

"Ma'aikacin gwamnati ne. Da an kama shi, aikinsa ya tafi, ga yara huɗu. Ni kuwa wa zai kore ni daga kan kekena?"

"Wane ofishi yake aiki?"

"Na ce a bar ta ta huta." Ta miƙe ta gyara wani yadi da ba ya bukatar gyara. "Wannan maganar ba za ta taɓa tafiyata ba dai, ko? Likitocin can sun ce kada in wuce ƙarshen wata. Jikin yaron ya daina karɓar wankin ƙodar da ake masa."

Sufeto ya ce yana kan bincike. Wannan ce amsar da yake ba kowa, amma yau da ya faɗe ta sai ya ji kunya.

Bai ko tsaya cin abinci ba ya wuce ofishin fasfo, ya nemi jami'in da ke karɓar rahoto. Ya ce takardar jiya ta wucin gadi ce, yana so a dakata da ita. Jami'in ya danna kwamfuta ya juyo masa da fuskarta. An shigar tun ƙarfe huɗu da kwata na jiya. Gaban sunan matar akwai jan layi.

"Ba a gogewa?"

"Daga nan ba a gogewa, yallaɓai. Sai kwamitin ɗaukaka ƙara."

"Yaushe yake zama?"

"Bayan wata uku-uku. Sun zauna makon jiya."

"Idan maganar rai ce fa?"

Jami'in ba mugu ba ne. Ya ɗauko takardar umarnin, suka bi ta tare layi-layi, har sau biyu. An yi maganar rukuni, an yi maganar shekaru, an yi maganar hukuncin jami'in da ya saɓa. Babu inda aka yi maganar mara lafiya.

Ranar Laraba da safe Sufeto ya fara biyawa ta ofishin ma'aikata ya duba fayil ɗin Baba Akawu. Adireshinsa na shekara shida baya shi ne na matar a littafin kotu, gida ɗaya, ɗaki na kusa. A shekarar ce ya ɗauki hutun kwana bakwai na rasuwar matarsa. Sufeto ya rufe fayil ɗin ya sauka ɗakin ajiya.

Bai yi wa dattijon magana ba tukuna. Ya wuce can ƙurya, kanta ta goma sha biyu, inda ake ajiye fayil ɗin waɗanda suka mutu, wadda ba ta cikin jerin da za a ɗauki hoto. Ƙura ta kwanta a kansu lib. Ya bi lambobin da yatsa. A daidai inda ɗari huɗu da goma sha biyar ya kamata ya zauna, yana nan zaune, tsaf da shi, shi kaɗai ne babu ƙura. Ya zaro shi ya kawo ya ajiye a kan teburin, ya ja kujera.

Baba Akawu ya dubi fayil ɗin. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Zan faɗa maka yadda na bi, Baba, in na yi kuskure ka gyara mini. Ba a fasa ƙofa ba, to mai makulli ne ko mai shiga da izini. Iya mai shara ba ta hawa tsani, ba ta karatu. Mai Na'ura ba ta bukatar sata, tsallakewa ta ishe ta, kuma ba ta taɓa sa kati ba tun da ta zo. Ɗan waje da ya zo sata zai zare ya gudu, ba zai tsaya daidaita bakin fayil ba. Katin kuma ya leƙo da faɗin yatsa ɗaya, kamar sauran shidan da ka rubuta da hannunka. Sai na ce mutumin da ba zai iya barin gurbi babu kati ba, ba zai iya ƙona takardar gwamnati ba. Zai nemi inda ba a dubawa ya ajiye. Kuma ko a can ɗin ma sai ya bi lamba."

"Babu gyara," in ji dattijon.

"Yaushe?"

"Juma'a, bayan yarinyar ta tafi. Na ga ta gama kanta ta takwas. Na san Litinin za ta iso."

"Matar ta san ka yi?"

"Ko dokar ba ta sani ba. Ni na ga takardar umarnin tun ranar da ta iso ofishin nan, na kasa faɗa mata. Da na je na ce mata, 'yar'uwa, alherin da kika yi wa gidana shi zai hana ki ceton ɗanki? Da wane bakin?" Ya dafa fayil ɗin. "Ni na ba ta sunan maganin a takarda. Ina tsaye tsallaken titi aka kama ta. Ta gan ni, ta kawar da kai kamar ba ta taɓa sanina ba. Da fayil ɗin ya iso nan, ni na ɗaure shi, ni na ɗora shi a kanta ta tara. Shekara shida ina wucewa ta gabansa."

"To me ya sa ka sa katin?"

"Ban sa ba."

"Baba."

"Ina nufin ban san na sa ba. Wallahi yallaɓai, na kwana biyu ina tunani, ban tuna lokacin da na ɗauke shi daga kwalin ba. Sai ranar Litinin da yarinyar ta nuna mini. Na gan shi a tsaye yadda nake tsayar da su, na gane aikin hannuna ne." Ya dubi hannun nasa a kan tebur. "Sabo turken wawa. Ni ne wawan."

Fanka ta ci gaba da juyawarta. Can dattijon ya ɗago kai.

"Ka faɗa mini gaskiya, kai ka san aikin. Da ban sa katin ba fa?"

Sufeto ya so ya yi masa ƙarya, kuma ya iya ƙarya idan aiki ya bukata. Amma bai ga amfaninta ba.

"Da babu wanda zai sani. Lambobin suna tsallake, littafin ruwa ya ci. Da ta wuce daga sha ɗaya zuwa sha tara ko a jikinta."

"Da gobe ta karɓa."

"Da ta karɓa."

Dattijon ya gyaɗa kai a hankali. Sufeto bai ƙara da cewa ko da katin ma, da an turo wani malalacin ɗan sanda, da har yanzu ana neman sunan. Wannan rabon nasa ne, shi zai ɗauka.

"Dole in tafi da kai, Baba."

"Na sani." Ya miƙe, ya zare biro ukun daga aljihu ya jera su a kan tebur, ya ajiye makullin a gefensu. "Alfarma ɗaya. Kada ta ji a ofishin fasfo gobe, a gaban mutane, daga bakin yaron da bai san ta ba."

Bayan an gama rubuta jawabi, Shugaba ya riƙe hannun Sufeto da hannu biyu ya ce zai rubuta takardar yabo. Sufeto ya zare hannunsa ya fita. Ya yi shekara ashirin da takwas yana kama mutane, wasu ya ji tausayinsu, wasu ko oho, amma bai taɓa jin ya tsani iya aikinsa ba sai ranar nan.

Da yamma ya isa shagon. Ta cire ledar akwatin, yana buɗe a kan tebur, tana jera kaya. Akwai riguna biyu na namiji da ta ɗinka, ta ce ta rage musu faɗi don an ce yaron ya rame. Sufeto ya ƙi zama. Ya faɗa mata a tsaye, daga farko har ƙarshe: rukunin da aka canza, layin da aka ƙara, katin, sunan da ya kai da hannunsa ƙarfe uku da rabi. Bai rage nasa laifin ba. Ta saurara ba ta katse shi ba, riga ɗaya a hannunta.

"Baba yana ina yanzu?"

"Yana wurinmu."

"Yana da hawan jini. Ku ba shi maganinsa da safe."

"Za a ba shi."

"Shekara goma ka ce. Na yi shida."

"Saura huɗu. Akwai kwamiti, zan rubuta musu da kaina, zan je in tsaya. Amma sai nan da wata uku."

Ta ninke rigar, ta sake warware ta. Ta zauna a kan kujerar keken. A waje motoci suna wucewa, wani yana kiran wani a tsallaken titi.

"Yallaɓai, kai ka san doka. Bari in tambaye ka." Ta dafa gefen cikinta na hagu da tafin hannu. "Ni aka hana fita, na ji. Ita ƙodar fa? Sunanta ba ya cikin fayil ɗin nan. Ba za a iya cirewa a nan ba, a sa a wani abu a kai masa? Ni ba sai na je ba."

Ba gatse take yi ba. Tana kallonsa tana jira, kamar yadda mutane ke jira a gaban mai kaki, da yaƙinin cewa ya san amsa. Ya san amsar kuwa, don ya tambayi likita a hanyarsa ta zuwa, likitan ya ce tsakanin nan da can ƙoda ba ta kaiwa da rai.

Ya buɗe baki, sai wayarta ta yi ƙara a kan tebur. Ta duba, ta ga lambar ƙasar waje ce. Ta share fuskarta da gefen gyale, ta gyara murya sau biyu, sannan ta ɗauka.

"Na'am, ɗan albarka. Ya jikin? Ka ci abinci?" Ta saurara, idonta a kan Sufeto. "Gobe? Eh, gobe ne suka ce."